Yadda Mata Suka Shiga Majalisar Masu Duba Rubutun Masana

A cikin shekarar 1660 waɗansu malamai na ƙasar Ingila suka kafa wata jam'iyya a birnin Landan, wadda ake kira Royal Society, watau Jam'iyyar Masana ta Sarki. A 1665 magatakardanta, Henry Oldenburg, ya fara buga mujalla inda masana ke bayyana abin da suka binciko. Da farko shi kaɗai ke zaɓen abin da za a buga. Amma daga 1752 sai jam'iyyar ta naɗa kwamiti daga cikin 'ya'yanta, su ke duba takardu, su ce a buga wannan, a bar wancan.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ba a shiga kwamitin sai an zama ɗan jam'iyya, jam'iyya kuwa ba ta karɓar mata. Saboda haka mace na iya aiko da bincikenta, amma ba ta da bakin yanke hukunci a kan na kowa. A 1787 an buga labarin tauraro mai wutsiya wanda Caroline Herschel ta hango, duk da haka ba a ba ta wurin zama ba.

A 1902 aka kawo sunan Hertha Ayrton, wadda ta ƙware ga sanin wutar lantarki, don a shigar da ita. Aka nemi shawarar masana shari'a, suka ce matar aure ba ta da ikon shiga. A 1904 ta tsaya gaban jam'iyyar ta karanta takardarta da bakinta, ba macen da ta taɓa yin haka. A 1906 suka ba ta lambar girma, amma har ta rasu a 1923 ba ta zama 'yar jam'iyya ba.

Sai a 1945, bayan shekara 285 da kafa jam'iyyar, sa'an nan aka zaɓi mata biyu, Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson. Kujerar babban edita a manyan mujallu kuwa ta fi haka daɗewa. Mujallar Science ta Amurka, wadda aka fara a 1880, ba ta sami mace babbar edita ba sai a 2013, lokacin da aka naɗa Marcia McNutt. Mujallar Nature ta Ingila an fara ta a 1869, sai a 2018 Magdalena Skipper ta hau kujerarta.

Wannan al'amari ba ƙarami ba ne, gama wanda ke zaɓen abin da za a buga shi ke zaɓen abin da na baya za su karanta. Malamin da ba a buga aikinsa ba, da wuya a san shi, balle a kira shi ya duba aikin wani. Haka ƙofa ɗaya da aka rufe ta riƙa rufe waɗansu, har aka yi ƙarni uku.