Tarihin Saitin Maganaɗisu Wajen Maganin Cutar Tsananin Damuwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda masana suka lalubi gurbin da ya dace a ɗora na'urar maganaɗisu a kan majiyyaci.

A 1985 ne Anthony Barker ya ƙaddamar da na'urar a Sheffield ta Ingila. Daga 1995, likitoci kan nemi wurin da ke motsa babban yatsa, sa'an nan su matsa gaba santimita 5. To, amma kawuna sun bambanta. Binciken Herwig na 2001 ya nuna mutum 7 kaɗai cikin 22 aka dace da gurbinsu. Sai aka koma ga awon kai, daga baya kuma ga hoton ƙwaƙwalwar kowane majiyyaci, tsarin Jami'ar Stanford da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022. Ashe samun sauƙi yana rataye da kyawun saiti.