Hankaka da gyaɗar Maraɗi

Kakana ɗan Tsibirin Gobir ne. Ya ce kafin ambaliyar 1945 ta kori Maraɗi daga kwarin gulbi zuwa tudu, gyaɗa ce kuɗin harajinsu, hankaka kuwa shi ne ɓarawonta na farko. Da an rufe rami an juya baya sai ya sauko ya tone irin.

Tarkon kama shi da gashin wutsiyar doki ake yin sa. A ɗaura zarge, a binne gefen kunya, a watsa ƙwaya kaɗan. Wanda ya faɗa, a rataye gawarsa a kan sanda tsakiyar gona. 'Yan'uwansa su yi ta shawagi suna kuka, ba su sauka. Ni dai majajjawa da gwangwani aka damƙa mini, tun asuba har rana ta take.

Da aka buɗe noman rani a Jiratawa a farkon shekarun 1980, masara ta ƙara wa hankaka abinci. Yanzu wasu guba suke barbaɗawa, ta kashe hankaka har da zabin maƙwabta. Wannan ba na goyon bayansa. Tarkon kakana wanda ya taɓa iri kaɗai yake kamawa.