Daga Gyartai Zuwa Baban Bola: Waiwaye A Kan Tarihin Leda

A 'yan shekarun nan masana tattalin arziki suna ta kiran a daina yar da kayan ƙunshi, a riƙa mayar da su masana'anta domin a sake sarrafa su. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu nuna cewa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mu kuma bi sawun yadda ya kuɓuce mana.

Kafin zuwan leda, kowane mazubi yana da mai shi. Goro a huhun ganye yake zuwa daga Kurmi, ganyen kuwa taki yake komawa. Idan ƙwarya ta tsage, gyartai ne zai ɗinke ta. Ko da lemon kwalba ya shigo a shekarun 1950, bai rushe wannan tsari ba, domin mai shago ba ya barin kwalba ta fita sai an ajiye wata ko an bar kuɗi a madadinta. Ta haka kwalba ɗaya takan je kamfani ta dawo sau da dama.

Ita kuwa robar da ake yin leda da ita, a Ingila aka gano ta a 1933. Wani kamfani a Suwidin ya yi rajistar jakar leda a 1965, sannan a 1973 aka yi rajistar gorar roba ta lemo a Amurka. A Nijeriya, shekarun 1990 ne suka zo da ruwan leda, wato fiya wata, wanda ya kashe ƙishin talaka a garuruwan da famfo ya ƙafe. Amma fa araha ba ta ado. Da yake ledar da aka shanye ba ta da mai jiran dawowarta, sai ta koma toshe magudanan ruwa da damina, tana kwanciya a gonaki, mahauta kuma suna tarar da ita a tumbin dabbobi.

Waɗanda suka gaji gyartai su ne 'yan jari bola, da yawansu samarinmu ne da suka zo ci-rani Legas da Abuja. Suna tsintar gorunan roba su sayar wa dillalai a kan sikeli, a niƙa, a narkar, a fitar da sababbin kaya. Sai dai abin lura, mai tsinta yakan tsallake leda marar nauyi ya ɗauki gora, saboda ita ce mai kuɗi. A duniya ma baki ɗaya, kimanin kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa.

Hukumomi sun gwada hani. Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abinci na yarwa a Janairun 2024. Amma darasin kwalba shi ne, abin da aka ɗora wa daraja shi ke komawa gida. Muddin kamfanin da ya fitar da leda bai ɗauki nauyin sayenta daga hannun mai tsinta ba, kwata ce makomarta. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.