Tsohon agogo mai wani: yadda ake nemo masa kayan gyara daga Lahodu har zuwa Kano

Agogo mai wani shi ne wanda ba ya cin batir. Ƙarfinsa na fitowa ne daga wani siririn ƙarfe da ke naɗe a cikin ɗan gwangwani, wanda masu gyara ke kira sifirin. Ko dai a wana shi da yatsa, ko kuwa motsin hannun mai shi ya riƙa wana shi, irin wanda ake ce wa otomatik. A garuruwan gabashin Jihar Sakkwato, irin su Lahodu da Wurno da Raba da Goronyo, akan tarar da irinsa ajiye a ƙasan akwati, galibi tsarabar Makka ko gadon mahaifi, ya tsaya shekara da shekaru. Abin da ya hana shi aiki sau da yawa bai wuce ɗan ƙarfe ɗaya ba, amma samun wannan ƙarfe shi ne aikin.

Dalilin ƙarancin kayan ya samo asali ne daga ranar 25 ga Disamba, 1969, lokacin da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir irin na kwatz (quartz) na farko da aka sa a kasuwa. Cikin shekaru kaɗan mai batir ya kori mai wani, har ma'aikatan masana'antar agogo a Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanonin da suka rufe sun tafi da kayan gyaransu. Gwamnatin Indiya ta amince da rufe sashen agogo na kamfanin HMT a 2016, shi kuwa rukunin Swatch, mai masana'antar injinan ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara tun ƙarshen 2015.

Kuskuren da mai nema ya fi yi shi ne neman kaya da sunan da ke rubuce a fuskar agogo. Sunan ba ya gaya wa dillali komai, domin kamfanoni da yawa na Suwizalan ba su ƙera inji da kansu ba. Saye suka yi daga masana'antu irin su ETA da AS da FHF suka ɗora sunansu. Lambar inji ita ce makullin. A agogon Suwizalan ana ganinta bayan an buɗe murfin baya, yawanci a ƙarƙashin ɗan zoben nan mai kai da kawowa wanda ake kira balas, kusa da tambarin masana'anta, kuma sai da gilashin mai gyara take karantuwa. Seiko ya fi sauƙi: a bayan murfinsa akwai lamba mai gida biyu da ɗan layi a tsakani, misali 7S26-0020. Gidan farko shi ne inji, na biyu kuwa jikin agogon ne, kuma da shi ake neman gilashi da robar da ke hana ruwa shiga.

Kowane ƙarfe ma yana da tasa lambar. A tsarin Suwizalan 401 shi ne sandar wani, 721 balas cikakke, 723 kuwa ƙusar tsakiyar balas, wadda ita ce kan karye idan agogo ya faɗi a kan siminti. Sai dai Seiko yana da nasa tsarin dabam, inda lambar da ta fara da 401 take nufin sifirin, sandar wani kuma takan fara da 351 ko 354. Wanda ya aika saƙo Kano da lamba tsirara, bai faɗi ko na Japan ne ko na Suwizalan ba, yana iya biyan kuɗin mota sau biyu.

Kafin a shiga nema ya kamata a tabbata cewa wani abu ya karye da gaske. Ƙurar hunturu da zafin bazarar Sakkwato, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, suna busar da man inji su mayar da shi danƙo, sai agogo ya tsaya alhali lafiyarsa ƙalau. Wanki da sabon mai ne maganinsa. Wanda ke gudu fiye da kima sau da yawa maganaɗisun lasifika ko na rediyo ne ya manne masa gashin balas, kuma ana cire wannan cikin minti ɗaya. Ruwa ne babban maƙiyi. Agogon da ya sha ruwan fadama wajen aikin shinkafa ko albasa, aka bar shi a rufe, tsatsa kan cinye sandar waninsa da ƙananan giyoyinsa, kuma a nan babu makawa sai an canza. (Zargin da akan yi wa masu gyara cewa suna sace "duwatsun" agogo ba shi da tushe sosai: duwatsun nan 17 ko 21 yaƙutu ne na masana'anta, ba su da wata daraja a kasuwa.)

Babbar ma'ajiyar kayan gyara a yau ita ce matattun agogai. Kamar yadda makanikai ke yanka tsohuwar mota su sayar da kayanta, haka mai gyaran agogo ke tara waɗanda suka mutu a gwangwani yana tsinto abin da yake so. Saboda haka nema kan fara ne daga teburin tsofaffin masu gyara a babbar kasuwar Sakkwato, idan ba a dace ba a aika kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan sai Legas. Mai Seiko 5, wanda aka fara fitarwa a 1963, shi ne ya fi sa'a, domin injinansa irin su 6309 da 7009 da 7S26 an ƙera su da yawan gaske. Haka ma Citizen mai injin Miyota 8200, wanda har yanzu ake ƙera danginsa. Mai tsohon agogon Suwizalan kuwa sai ya yi haƙuri, wataƙila har ya kai ga dillalan intanet irin su Cousins na Ingila ko kasuwar eBay, inda kuɗin aikowa da canjin dala kan ninka kuɗin ƙarfen kansa. A eBay ɗin akwai tsofaffin Seiko da HMT masu arha da ake haɗawa a Indiya daga guntattakin agogai dabam-dabam a sake musu fenti. Ba abin dogaro ba ne, ko da don a yanka.

Idan ƙarfe ya gagara, akan canza injin gaba ɗaya. Injin 7S26, wanda ya fito a 1996, ana iya musanya shi da sabon NH36 na dangin Seiko, muddin an canza sandar wani kuma an lura da faifan ranaku, domin na agogon da kan waninsa ke daidai ƙarfe huɗu ya bambanta da na ƙarfe uku. Wannan gyara ne na gaskiya. Abin da bai kamata a yarda da shi cikin gaggawa ba shi ne cire injin wani a liƙa na batir, wanda wasu masu gyara kan ba da shawararsa saboda sauƙi. Agogon zai yi tafiya, amma darajarsa ta zube, tsohon injin kuma ya koma gwangwanin mai gyara a matsayin kayan yanka na kyauta.

Mai kai agogo gyara daga ƙauye, musamman ta hannun direba ko ɗan aike, ya ɗauki hoton murfin baya da na injin da wayarsa kafin ya rabu da shi, ya kuma yi sharaɗi tun farko cewa duk ƙarfen da aka cire a dawo masa da shi tare da agogon.