Tarihin Makarantar Judo: Ladan Malami da Haƙƙin Almajiri

Cikin shekara ta 1882 wani saurayi wanda bai cika shekara 22 ba ya ari ɗaki a wani haikalin addinin Buda mai suna Eishoji, a birnin Tokiyo na ƙasar Japan. Ɗakin ƙarami ne, tabarma 12 ce kawai ta rufe daɓensa. A nan ya fara koya wa samari tara wata irin kokawa wadda ya kira judo, ya kuma sa wa makarantar suna Kodokan, wato wurin koyon hanya. Sunan saurayin Jigoro Kano. Sunan nan na Japan ne, ba abin da ya haɗa shi da birnin Kano sai kamannin lafazi.

Yau ana judo a kusan kowace ƙasa ta duniya, babban zauren Kodokan kuwa yana ɗaukar tabarma 420. Amma akwai tambayoyi uku da suka bi makarantar tun daga ƙaramin ɗakin nan. Nawa ne almajiri zai biya? Ta yaya za a koya masa? Wa kuma zai tsawata wa malami idan ya yi abin da bai kamata ba?

Kafin zamanin Kano akwai makarantu masu yawa na jujitsu, wato dabarun faɗa da hannu na mayaƙan Japan da ake kira samurai. Kowace makaranta tana da asiranta. Almajiri yakan yi rantsuwa cewa ba zai tona su ba, yakan yi shekaru yana hidimar malaminsa, sa'an nan a ba shi takardar shaida mataki mataki, yana kai kuɗin godiya. Sa'ad da mulki ya sāke cikin 1868, samurai suka rasa matsayinsu, cikin 1876 kuma aka hana su yawo da takobi. Malaman jujitsu suka shiga wahala. Waɗansu suka koma ɗori, gama sun san gaɓoɓin jiki sarai. Waɗansu suka shiga nuna faɗa a gaban 'yan kallo domin su sami na abinci. Sunan jujitsu ya ɓaci, har mutanen kirki suka daina kai 'ya'yansu.

An haifi Kano cikin 1860 a gidan masu wadata kusa da Kobe. Yaro ne mai ƙoƙari a karatu amma ƙanƙane a jiki, abokan makarantarsa sukan ci zalinsa. Saboda haka ya yi ta neman malamin jujitsu, har cikin 1877 ya sami wani maɗori mai suna Fukuda Hachinosuke. Koyarwar Fukuda ta jiki ce, ba ta baki ba. Idan Kano ya tambayi yadda aka yi aka kā da shi, sai malam ya kira shi ya sāke kā da shi, har jikinsa ya gane. Fukuda ya rasu cikin 1879. Kano ya ci gaba a hannun Iso Masatomo, bayan rasuwarsa cikin 1881 kuma ya koma wurin Iikubo Tsunetoshi na wata makaranta dabam. A wannan shekara ce ya gama jami'ar Tokiyo. Ya girmama malaman nan uku dukan ransa, amma ya ga abin da ya rage a hanyarsu: ba su iya bayyana dalilin abin da suke yi ba, almajirai kuma suna yawan jin rauni.

A shekarun farko Kano bai karɓi kuɗin koyarwa ba. Yana aikin malanta a Gakushuin, makarantar 'ya'yan manya, da albashinsa da ɗan abin da yake samu daga fassara yake riƙe Kodokan. Waɗansu almajirai a gidansa suke kwana, yana ci da su, su kuwa suna shara da wanki da ɗiban ruwa. Ana ba da labari cewa faɗuwar samarin takan girgiza haikalin har katakon daɓe ya karye, Kano da kansa yakan shiga ƙarƙashi ya gyara. Ya iya yin wannan alheri domin yana da wani aiki. Malaman da suka riga shi ba su da irin wannan dama, jujitsu ce gonarsu.

Ko da yake ba a biya da kuɗi ba, an biya da wani abu. Duk wanda zai shiga Kodokan sai ya sa hannu a littafin rajista ya ɗauki alkawari: ba zai bar karatu ba sai da dalili mai ƙarfi, ba zai jawo wa makaranta abin kunya ba, ba zai koya wa kowa ba sai da izini, zai kuma kiyaye dokoki ko bayan ya zama gwani. Wanda ya fara sa hannu shi ne Tomita Tsunejiro. Abin lura a nan shi ne, dukan sharuɗan a wuyan almajiri suke. Ba a rubuta abin da ke wuyan malami ba. Muddin Kano ne malamin, ba wanda ya ga bukatar haka.

Wajen koyarwa Kano ya kawo abubuwan da suka bambanta shi da na dā. Ya sa koyon faɗuwa a gaba, domin wanda bai iya faɗuwa lafiya ba bai isa a kā da shi ba. Ya cire dabaru masu hatsari daga karawar yau da kullum, ya ajiye su cikin darasin da ake yi a tsare, inda kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Ya ce hanyoyin koyo huɗu ne: darasin da aka tsara, karawa ta sake jiki, lacca, da tambaya da amsa. Ta huɗun nan ita ce abin da ya rasa a wurin Fukuda. Cikin 1883 ya ba Tomita da Saigo Shiro matakin farko na gwaninta, daga baya aka sa baƙar ɗamara ta zama alamarsa. Cikin 1895 aka jera dabarun kayarwa kashi biyar, aka kuma gyara jerin cikin 1920 ya tsaya a dabaru 40. Ya taƙaita koyarwarsa da ka'idodi biyu: a mori ƙarfi ta hanya mafi amfani, kowa kuma ya nemi ci gaban kansa tare da na ɗan'uwansa.

Bai sassauta wa gwanaye ba. Saigo Shiro shi ne fitaccen almajirinsa, wanda ya sa sunan Kodokan ya bazu, amma cikin 1890, sa'ad da Kano yake Turai, ya shiga wata rigima a titi wadda ta kai ga 'yan sanda, dole ya bar makarantar. Cikin 1921 wani ɗan kokawar kuɗi daga Amurka mai suna Ad Santel ya zo Tokiyo yana neman abokan karawa, Kodokan ta hana mutanenta yin faɗa domin kuɗi. Kano ya tuna yadda wasan 'yan kallo ya zubar da mutuncin jujitsu, bai so judo ta bi wannan hanya ba.

Da almajirai suka kai dubbai, aljihun mutum ɗaya ya kāsa. Aka fara karɓar kuɗi, cikin 1909 kuma aka yi wa Kodokan rajista ta zama gidauniya, dukiyarta ta rabu da ta Kano. A shekarar nan ne ya zama mutumin Asiya na farko cikin kwamitin wasannin Olamfik na duniya. Cikin 1911 aka yarda a koyar da judo a makarantun sakandare na Japan. Cikin 1926 aka buɗe sashen mata, inda Keiko Fukuda, jikanyar malaminsa na farko, ta shiga cikin 1935, ta kuwa yi ta koyarwa har ta rasu a Amurka cikin 2013 tana da shekara 99. Kano ya rasu cikin 1938 a jirgin ruwa, yana komowa daga taron Olamfik da aka yi a Alƙahira.

Tun kafin rasuwarsa iska ta fara sākewa. Daga 1931 gwamnati ta wajabta wa samarin sakandare judo ko wasan takobi, aka mai da su hanyar shirya soja. Bayan yaƙi, cikin 1945, hukumar mamaya ta Amurka ta hana judo a makarantu, sai 1950 aka dawo da ita. Masana da yawa suna ganin cewa halin bariki bai fita ba: babba ya doki ƙarami, malami ya doki duka, ba mai tambaya. Da judo ta shiga wasannin Olamfik na Tokiyo cikin 1964, sai neman lambar zinariya ya ƙaru a kan wannan. Lacca da tambaya da amsa suka ragu, karawa ta cinye lokaci.

A Faransa labarin ya bi wata hanya. Mikinosuke Kawaishi ya isa Faris cikin 1935. Ya lura cewa Bature ba zai yi shekaru da farar ɗamara yana jira ba, sai ya yaɗa ɗamaru masu launi dabam dabam domin almajiri ya riƙa ganin ci gabansa. Almajiransa suka buɗe nasu ɗakunan, suna karɓar kuɗin wata, da shi suke ci. Tun da sana'a ce, gwamnati ta sa hannu. Ran 28 ga Nuwamba 1955 aka kafa doka a kan aikin malamin judo da buɗe ɗakin koyarwa, wadda ta ce sai mai takardar shaidar da gwamnati ta amince da ita zai koyar. Daga baya waɗansu dokoki suka maye gurbinta suka haɗa dukan wasanni, amma ka'idar tana nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yau masu judo da rajista a Faransa sun wuce rabin miliyan, sun fi na Japan nesa, yawancinsu kuwa yara ne.

A Japan malaman makaranta da masu sa kai ne suka fi koyarwa, sau da yawa ba tare da wani lada na musamman ba, kafin 2013 kuma baƙar ɗamara ta isa shaida. Sakamakon ya fito fili sa'ad da wani malamin jami'a mai suna Ryo Uchida ya tattara rahotannin hatsari na makarantu. Ya nuna cewa tsakanin 1983 da 2011 yara fiye da 100 sun mutu ta dalilin judo a makarantun sakandare. Da yawansu sababbin shiga ne, waɗanda aka kā da su da ƙarfi tun ba su ƙware a faɗuwa ba, jini ya taru cikin kwanyarsu. Waɗansu zafi da gajiya ne suka kashe su. Cikin 2010 iyayen da suka rasa 'ya'yansu suka kafa ƙungiya, suka yi ta kai kuka, musamman da yake daga 2012 an wajabta irin waɗannan wasanni a ƙananan makarantun sakandare.

Shekara ta 2013 ta girgiza judo ƙwarai. A watan Janairu aka ji cewa mata 15 'yan wasan ƙasa sun kai ƙarar babban mai horar da su, Ryuji Sonoda, suna cewa yana marinsu, yana shurinsu, yana dukansu da sandar gora. Ya amsa laifinsa ya ajiye aiki. A watan Fabrairu kotu ta yanke wa Masato Uchishiba, wanda ya ci zinariya a Olamfik na 2004 da na 2008, ɗaurin shekara biyar saboda ya yi wa almajirarsa fyaɗe. Aka kuma gano an karkatar da kuɗin tallafi. A watan Agusta shugaban hukumar judo ta Japan, Haruki Uemura, ya sauka, aka ɗauko shugaba daga waje. A shekarar nan ce hukumar ta fara ba malamai lasisi, wanda sai an yi kwas ake samu, ana kuma iya ƙwace shi. Daga shekarar da aka buɗe Kodokan zuwa shekarar da aka rubuta sharuɗan malami, shekara 131 ke nan. Cikin 2022 hukumar ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaiku ta 'yan firamare, gama ta ga manya suna matsa wa yara su rage nauyi su kuma ci nasara ko ta halin ƙaƙa.

Tarihin nan bai nuna cewa kuɗi ne ke ɓata makaranta ba, bai kuma nuna cewa koyarwar kyauta tana kāre yaro ba. Kano ya koyar kyauta ya yi kyau, waɗansu sun koyar kyauta yara suka mutu a hannunsu. Abin da ya raba su shi ne ko malami ya san aikinsa, ko yana barin a yi masa tambaya, ko kuma akwai wanda zai ba lissafi a gabansa.

Judo ta shigo Nijar da Kamaru da Chadi ta hanyar Faransa, karate da tekwando suka biyo baya. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa ta tekwando daga Olamfik na 2016, yara da yawa suna marmarin ɗaura ɗamara. Uban da zai kai ɗansa ko 'yarsa irin wannan makaranta yana da abin da zai tambaya. Wa ya koya wa malamin, wace hukuma ce kuma ta san da shi? An faɗi kuɗin wata da na jarrabawar ɗamara tun daga farko, ko kuwa suna ƙaruwa a hanya? Ana barin iyaye su zauna su ga darasi? Makonni nawa sabon yaro yake yi yana koyon faɗuwa kafin a kā da shi? Malamin kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba, gama tambaya da amsa tana cikin hanyoyi huɗu da Jigoro Kano ya bar wa almajiransa.