Bes marar ƙarafa: waye ya fara, kuma ina Jaco ya shigo?

Jama'a, akwai maganar da ke ta yawo cewa wai Jaco Pastorius ne ya ƙirƙiro jitar bes marar ƙarafa a wuya. Ni masoyin Jaco ne na ƙin ƙarawa, amma son mutum ba ya sa a ba shi abin da ba nasa ba.

Bes ta asali, babbar nan da ake kafawa a ƙasa makaɗi ya tsaya yana kaɗawa, wuyanta sumul yake. Ƙarafan daga baya suka zo. A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass, kuma ƙarafan nan su ne abin tallarta: ka danna tsirkiya ko'ina a bayan ƙarfe, ƙarfen ne zai yanke tsawonta, sauti ya fito daidai ko da kunnenka bai nuna ba. A 1961 Bill Wyman a Ingila, kafin ma ya shiga Rolling Stones, ya cire ƙarafan wata bes mai araha saboda suna yi masa ƙara. Kamfanin Ampeg ya fara sayar da marar ƙarafa a 1966, Fender ya biyo baya a 1970. Lokacin da Wyman ya yi nasa, Jaco bai cika shekara goma ba.

In aka cire ƙarafa, yatsanka ne ƙarfen. Dole ya sauka daidai inda ƙarfen zai kasance. Ka goce kaɗan, sauti ya karkace, kowa ya ji. Kuma kana hawa wuyan zuwa jikin jitar, tazarar tana ƙara tsukewa, kuskuren yana ƙara fitowa fili. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san wannan aiki, kunne ne ke jan hannu. Ladan wahalar shi ne kana iya zamewa daga sauti zuwa sauti ba tsalle, ka girgiza yatsa sautin ya yi rawa, tsirkiyar kuma tana gogar katako ta ba da wani amo mai kumbura a hankali kamar mutum na buɗe baki.

To, Jaco. An haife shi a 1951, ya tashi a Filorida. Ganga ya fara kaɗawa, sai ya ji rauni a wuyan hannu wajen ƙwallo yana ɗan shekara 13, ya koma bes. Ya sayi babbar ta tsaye, danshin Filorida ya tsaga ta. Daga baya ya samu Fender Jazz Bass ƙirar 1962. Kamar yadda shi ya ba da labari, da wuƙar shafa man shanu ya ɓamɓare ƙarafan. Ya cike ramukan, sannan ya shafe wuyan da gam mai ƙarfi irin wanda ake shafa wa jirgin ruwa. Wannan shafi ba ado ba ne. Tsirkiyoyin Rotosound da yake so masu kaushi ne, suna cin katako, gam ɗin ya hana su, ya kuma ƙara wa sautin haske da tsawon rai. Hannun damansa can ƙasa yake ajiye shi, kusa da inda tsirkiyoyin suka ƙare, inda suka fi tauri, shi ya sa kowane sauti ke fita tsaf ko da gudu yake.

Ku saurari faifansa na 1976. Ya buɗe da "Donna Lee", kiɗan da masu busa ke gumi a kai, shi da mai ganga kaɗai. "Portrait of Tracy" kuwa, yatsa yake ɗorawa a kan tsirkiya ba tare da ya danna ba, sai ka rantse ƙararrawa ce. A shekarar dai ya yi aiki da Joni Mitchell a faifan Hejira, ya kuma shiga ƙungiyar Weather Report, bayan ya taɓa gabatar da kansa ga Joe Zawinul na ƙungiyar a matsayin wanda ya fi kowa iya bes a duniya. Ni dai wanda ya fi taɓa ni shi ne "A Remark You Made" na 1977. A nan bes ce ke rera waƙar, a hankali, tana jan kowane sauti har sai ya ƙare. Wallahi ban san wani kiɗan bes da ya kai shi tausayi ba.

Bari in taɓo masu cewa wanda wuyan besinsa ke da layuka ba gwani ba ne. Ramukan da Jaco ya cike sun bar layuka rangaɗau a wuyan tasa. Layi yana kai ka unguwar ne kawai, amma a dandali mai duhu, ganga na tashi, ba ka jin kanka sosai, za ka gode masa. Ku bar masu koyo su huta.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. Ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye suka kai shi kwana a titi, aka sace bes ɗin a New York a 1986, ya rasu a Satumbar 1987 yana da shekara 35, bayan dukan da wani mai gadin kulob ya yi masa. Sai bayan kusan shekara ashirin bes ɗin ta sake ɓulla, Robert Trujillo na Metallica ya sa kuɗinsa aka karɓo ta.

Na bayansa suna da yawa. Mick Karn na ƙungiyar Japan, Pino Palladino a waƙar Paul Young ta 1983, Bakithi Kumalo ɗan Afirka ta Kudu a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Richard Bona na Kamaru ma faifan Jaco ya ji a Duwala ya koma bes.