Yadda Auduga Ta Shiga Aikin Ɗaurin Rauni

Selulos shi ne sinadarin da ke gina jikin tsiro, wato abin da ke ba kara da itace ƙarfi, kuma masanin kimiyya Bafaranshe Anselme Payen ne ya fara ware shi a shekarar 1838, ko da yake mutane sun shafe dubban shekaru suna ɗaure rauni da shi ba tare da sun san sunansa ba. Rubuce-rubucen likitanci na tsohuwar Masar sun nuna ana shafa wa miki zuma da maiƙo, sannan a rufe shi da lilin, yadin da ake saƙawa da zaren wani tsiro mai siririn kara. Lilin ɗin nan ne ya ci gaba da riƙe aikin a Turai har cikin ƙarni na 19, inda mata kan zauna su yayyage tsofaffin zannuwan gado, su riƙa zare zaren ɗaya bayan ɗaya har ya taru ya yi laushi, a kai asibiti ko fagen yaƙi. Tsumman yana tsotse jini da mugunya, sai dai da dattinsa yake zuwa, kuma sau da yawa shi ke kai wa raunin cutar da za ta kashe mai shi.

Auduga, wadda ita ma selulos ce, duk da arharta da taushinta, ta daɗe ba ta samu shiga ba, saboda wani dalili da duk mai kaɗi ta sani: ɗanyar auduga ba ta shan ruwa. Kowane silin zarenta yana lulluɓe da wani siririn kakin halitta, shi ya sa idan aka jefa shiɓa a ƙwarya sai ta yi ta yawo a saman ruwan, cikinta a bushe. Wajen 1870, lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa, likitan fiɗa Victor von Bruns na jami'ar Tübingen ya nuna cewa idan aka dafa audugar da ruwan soda, wanda aikinsa ya yi kama da na kanwa, kakin zai fita, ta koma mai nutsewa da zarar ta taɓa ruwa. A 1873 masana'antar Paul Hartmann da ke Heidenheim ta fara sarrafa irin wannan auduga da yawa. Abin ya zo a kan gaɓa, domin tun a 1867 Joseph Lister ya bayyana daga Glasgow cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni, yana kuma jiƙa kayan ɗauri da sinadarin kabolik don kashe su.

Matsalar da ta rage ita ce gashin auduga yana maƙalewa a cikin nama. Joseph Sampson Gamgee na Birmingham ya magance wannan a 1880, inda ya sa audugar a tsakanin yadi biyu masu shara-shara, ta yadda ruwan miki zai ratsa saƙar ya shige ciki, gashin kuma ba zai taɓa raunin ba. Dabara ce mai sauƙi ƙwarai, amma har yau a kanta aka gina da yawa daga cikin abin da ma'aikatan jinya ke ɗorawa kafin su naɗa bandeji.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito da wani al'amari mai ban tausayi, domin audugar da ake nema don tsayar da jinin soja ita ce kuma ake jiƙawa da asid a yi albarushi da ita. Da ta yi ƙaranci, sai aka koma ga gansakukar fadama a Birtaniya da Kanada, a Amurka kuwa kamfanin Kimberly-Clark ya samar da Cellucotton daga dakakken itace.

Duk wannan ƙoƙari an gina shi ne a kan imanin cewa bushewa ita ce warkewa, imanin da ya jawo wa majinyata azabar da ba ta zama dole ba, domin busasshen yadi yana haɗewa da ɓawon miki, idan aka zo ɗaye shi sai ya taho da sabon naman da ya fara tofowa, jini ya sake ɓallewa. A 1962 George Winter ya gwada a fatar aladu, ya nuna cewa raunin da aka bari da danshi a ƙarƙashin leda yana rufewa kusan ninki biyu na saurin wanda aka bar wa iska. Daga nan masana suka shiga sauya selulos ɗin kansa, har a shekarun 1990 aka fito da zaren da idan ya sha ruwan gyambo yake komawa kamar kamu mai kauri, ya riƙe danshin a wurin, a kuma ɗauke shi ba tare da ya fizgi nama ba. Tsadarsa ce ta sa a asibitoci da yawa na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har yanzu sai ma'aikaciyar jinya ta jiƙa tsohon ɗauri da ruwan gishiri, ta jira ya saki, kafin ta ɗaga shi a hankali.